Zanen da Bai Ga Rana Ba

Ku 'ya'yana, kun daɗe kuna ba da labarin nan a gabana kamar ba na wurin. In kuka taru hutun Kirsimeti sai ɗayanku ya ce ai Mama da hannunta ta kashe kasuwarta a Bodinga saboda taurin kai, sauran ku kwashe da dariya. Naomi, ke da kike babba, har kwaikwayon tafiyata kike yi, wai haka na ratsa lungu ina ɗaga wuya kamar raƙumi ya hango ƙaya. Taurin kai dai ina da shi, wurin ubana na gada, kuma na ga na raba muku ba wanda ya yi ƙorafin an ƙware shi. Amma abin da ya faru shekarar da Hajiya Kulu ta aurar da 'yarta ba taurin kai ba ne, ba kuma faɗa ba ne. Kuna makarantar kwana a lokacin, abin da kuka tsinta a bakin mutane shi kuka riƙe. Tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro, ku bari in faɗa muku yadda aka yi.

Na zo Bodinga ina amarya daga ƙasar Zuru, na biyo mahaifinku Bitrus da aka turo aikin allurar dabbobi. Shi kam bai sha wuyar baƙunci ba. Mutumin da ke tayar da saniyar Bafulatani in ta kwanta, ko ƙaho gare shi sai an shimfiɗa masa tabarma. Da safe ya hau babur ya nufi rugagen Kajiji, da yamma ya dawo da nono ɗaure a baya yana fito. Ni aka bari a ƙuryar lungu, ba uwa ba ƙanwa, sai idanun mata ta saman katanga. Wadda ta fara yi mini sallama ita ce Hajiya Kulu, matar wani mai fataucin albasa, wadda gidanta ke bakin lungunmu, duk mai fita ko shiga sai ya bi ta ƙofarta. Ta shigo da kwanon tuwo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wannan ramar ba ta amarya ba ce. Daga ranar ta ɗauke ni. Ita ta yi mini wankan jegonku ku duka, ta dama mini kunun kanwa, ta kuma koya mini sana'ar da na ciyar da ku da ita: yadda ake ɓarza alkama, a kwaɓa da man shanu, a bar ta ta tashi, a murza a naɗe a soya alkaki, a tsoma shi cikin zuma ya sha ya ƙoshi. Kafin wasu shekaru ba a haɗa garar amarya daga Bodinga har Sifawa ba a aiko kiran Saratu mai alkaki ba. Sunana ma ya taimake ni, domin Saratu suna ne da ke shiga kowane gida ba a tambaye shi daga ina yake ba.

Kowa a lungu ya san mu Kirista ne, ba wanda muka yi wa ƙarya. Sai dai akwai wata magana da Hajiya ke yi in mata sun cika tsakar gidanta ina bakin murhu. Takan nuna ni da ludayi ta ce,

"Kun gane ta nan? Wagga ba kamassu ta ba. Saratu tamu ta."

Wayyo, maganar nan ta fi mini alkakin zaƙi. In ta faɗa, sai in ji na ƙara tsawo. Ina lulluɓi fiye da matan liman, ina sassauta rediyo in ana waƙoƙin sujada, in za mu yi addu'ar cin abinci da baƙuwa a gidan sai in yi tawa da ido buɗe. Ba wanda ya ce in yi haka. Ni dai na lura da abin da ke sa a yabe ni, na yi ta ƙara masa gishiri.

Sai kuma jaka. Mu matan ikilisiya muna da zumuntar mata, kuma da yake ba mu da yawa, matan Bodinga da na Shagari zumunta ɗaya muke. Muna da zanenmu, shuɗi mai zanen gicciye, da farar riga da ɗankwali. Ba a kasuwa mace ke saya ta ɗaura don kanta ba. Ranar da aka karɓe ki, a gaban jama'a uwar zumunta za ta ɗaura miki shi da hannunta, ta yi miki addu'a. Daga nan duk ranar taro daga ɗakinki za ki fito da shi. Kowa haka take yi, ban da ni. Ni ina da wata baƙar jaka da nake ninke shi ciki. In fito da atamfata da mayafi kamar mai zuwa barka, in gaishe da Hajiya a ƙofarta, in na isa 'yar majami'armu da ke bayan gari in lallaɓa bayan ɗakin ajiya in canja. In an tashi in sake lallaɓawa in mayar. Mahaifinku yakan ce jakar nan ta fi shi zuwa coci, ya kamata a yi mata baftisma.

Uwar zumuntarmu a lokacin Mama Rifkatu ce, gwauruwa da ke zaune a Shagari wurin ɗanta. Ita ta ɗaura mini zanen. Tsohuwa ce gajera mai muryar maza, in ta buga tulu ana waƙa har cikin haƙarƙari kake ji. Da zanenta take tsayawa a tashar Shagari tana jiran mota, wata motar ta tsaya, wata ta wuce ta ko da akwai wuri, ita kuwa ko a jikinta. Rana ta ci zanen nan har shuɗin ya koma ruwan toka. Wata ranar taro muna jere za mu fara waƙa, ta bi layi tana gyara mana ɗankwali, da ta zo kaina sai ta kama gefen zanena ta murza.

"Saratu, shekara nawa da na ɗaura miki wannan?"

"An daɗe, Mama."

"An daɗe kam. Na kowa ya koɗe, naki sabo fil, har da layin ninki. Ki riƙa bari yana ganin rana, 'yata. Ba don a adana na ba ki ba."

Mata suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce a raina tsohuwa ba ta san zaman lungu ba, ita da ke zaune gidan ɗanta ba ta neman kasuwar kowa. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake jakata ba.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an kwashe gero, Hajiya ta sa ranar auren autarta da wani ɗan gidan malamai na Sifawa. Wannan biki nawa ne kamar nata, yarinyar a bayana ta yi barci ba sau ɗaya ba. Na tare a gidan ina suya har hayaƙi ya rine mini ido. Alkaki, nakiya, dubulan, muka cika manyan robobi muka jera a ɗakin Hajiya har ba wurin sa ƙafa. Ina kwashe kaskon ƙarshe aka kira ni a waya aka ce Mama Rifkatu ta huta. Aka ce ranar Asabar za a yi jana'iza a Shagari, motar zumunta za ta tsaya a tashar Bodinga ta ɗauki namu matan. Ranar Asabar ɗin kuwa ita ce ranar yinin biki.

Ku san al'adarmu, in 'yar zumunta ta rasu mu ne masu ita. Mu za mu yi mata wanka, mu shirya ta, mu shimfiɗa zanenta a kan akwati, mu ɗauke ta da hannunmu muna waƙa har bakin kabari. Ba zancen in ƙi zuwa. Na wanke hannu na shiga ɗaki na sami Hajiya tana zaune tsakanin robobi tana lissafin gidajen da za a kai wa rabo. Na faɗa mata. Ta ajiye abin hannunta ta kama nawa.

"Allah shi ba ku haƙuri, Saratu. Tahi abinki, mutuwa ta hi biki, kuma aikinki ya ƙare. Amma roƙo guda nika yi maki. Dangin ango na tahowa tun da sahe, ƙohwag gida za mu kahwa musu rumhwa. Kin san gidan malamai. Ki sa abinki cikin jaka kamar yadda kika yi kullum."

Na ce, "Wane abu, Hajiya?"

Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Haba Saratu! Zanenku mana, mai gicciye. Lungun ga duka wa ab bai san abin da ac cikin jakag ga ba? Tun kina goyon Naomi munka sani. Ai shi yas sa muka ganin girmanki. Ke kin san ya kamata."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, yabona take yi kamar yadda ta saba. Amma ni ji na yi kamar an kware mini zane a tsakiyar kasuwa. Ashe duk shekarun nan da nake lallaɓawa ina ganin dabara ce tawa ni kaɗai, kallona ake yi ana gyaɗa kai. Ashe "tamu ta" ɗin da nake lasa kamar zuma, rabinsa na Saratu ne, rabinsa na jaka. Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Na ce sai an jima, na fito na nufi gida.

Mahaifinku yana gindin darbejiya yana wanke babur na faɗa masa duka. Ya daɗe yana goge taya ɗaya kafin ya ce,

"Ni ba zan ce ki ɗaura ba, ba zan ce ki ninke ba. Ba ni aka ɗaura wa ba. Amma in kin ɗaura, ki san kaskonki zai huta."

Na sani. Hajiya ce ƙofar kasuwata, gidan da ta ce a kira ni nan ake kira na. Kuɗin makarantarku rabi daga kaskon nan yake fitowa. Abin da ya fi wannan ma, ita ce uwar da nake da ita a garin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa na ci yabo na shekara da shekaru, ga shi an miƙo mini aska. Kuma me ta roƙa? Ba ta ce kar in je ba, ba ta ce in bar addinina ba. Jaka kawai, abin da nake yi kullum ba a roƙe ni ba. Na shiga ɗaki na ciro zanen na shimfiɗa a gado, ina kallon layin ninkin nan da Mama ta gani. Na tuna hannunta a ƙuguna ranar da ta ɗaura mini, tana addu'a tana cewa wannan 'yarka ce, Uba, ka saye ta da tsada. Sai na tambayi kaina, ni ta wa ce? Kafin Hajiya ta san ni, kafin in iya murza alkaki, lokacin da nake yarinya mai kirci a ƙafa ina tsinkar kuka a ƙauyenmu, Yesu ya san ni, ya kuma karɓe ni ba tare da na ɓoye masa komai ba. Bai taɓa cewa yana ƙaunata don ba kamar su nake ba. Kamar su nake. Ni ɗaya ce daga cikin matan nan masu koɗaɗɗen zane, kuma tsohuwar da ba ta taɓa ninke nata don direba ya tsaya ba, ba zan je in ɗauki gawarta da zanen da na ciro daga jaka a bayan tasha ba. Na durƙusa na yi addu'a, ba doguwa ba. Na ce Ubangiji, ka ga gwiwoyina, ka riƙe su.

Safiyar Asabar na yi wanka na sa farar riga, na ɗaura zanen a ɗakina, karo na farko tun da aka ba ni shi. Na rataye jakar a ƙusa na fito. Tun daga nesa na hango rumfa, mata cike a kan tabarmi, an fito da faranti-faranti na alkakina ana ci. Naomi, zancen raƙumin nan naki, bari in gaya miki gaskiyarsa. Ban ɗaga kai don taƙama ba. Na san in na sunkuyar da shi hawaye za su zubo, in suka zubo kuwa komawa zan yi. Surutu ya riƙa mutuwa tabarma bayan tabarma ina matsowa. Da na iso ban wuce ba, domin ba a haife ni in wuce manya ba gaisuwa ba. Na cire takalmi na durƙusa na ce barkanku da zuwa, ina kwananku, ya gajiyar hanya. Suka amsa a ciki-ciki. Wata dattijuwa da ke tsakiya, gwaggon ango, da guntun alkaki a hannunta, ta dubi gicciyen da ke zanena ta juya wajen Hajiya.

"Kulu, wagga hwa?"

Hajiya tana tsaye da buta a hannu. Matar da ta yi shekaru tana nuna ni da ludayi, ran nan ta rasa abin da za ta kira ni. Sai na ɗauke mata nauyin.

"Ni ce Saratu, Inna, maƙwabciyarta. Ni na soya alkakin da ke hannunki. Uwarmu ta zumunta ce ta rasu a Shagari, za mu kai ta makwancinta."

Dattijuwar ta ce, "Allah shi ba ku haƙuri." Ta mayar da guntun alkakin kan faranti a hankali, ta goge yatsunta da gefen mayafi. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ɗaga murya. Na ce na gode, na sa takalmina na miƙe. Daga bakin lungu zuwa tasha na bi ta tsakiyar masu albasa da masu keke, wasu na kallo, wasu ko ɗago kai ba su yi ba, wani tela da nake kai wa ɗinki ya ce Saratu sai ina, na ce jana'iza, ya ce Allah shi sa a dawo lahiya. Abin da na yi shekaru ina tsoro ke nan.

A Shagari muka yi wa Mama duk abin da ya kamata. Ni na kama kusurwar akwati ta gaba, zanenta mai ruwan toka yana shimfiɗe a kai yana taɓa kumatuna. Rana ta buɗe sosai, gumi ya jiƙa ni har shuɗin zanena ya zuba a farar rigata. Na yi waƙa ran nan da muryar da ban san ina da ita ba. Ina kuka, amma tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin jikina sakayau haka ba.

Yanzu ga kuɗin abin, don kar ku ce na ɓoye. Bayan biki aka raba gara gida-gida kamar yadda aka saba, yara suna ta wucewa da kwanoni. Na zauna ina jin ƙafafunsu suna zuwa ƙofarmu suna wucewa. Alkakin da na soya da hannuna, ko ɗaya bai shigo gidan nan ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa. Hajiya ba ta daina amsa gaisuwata ba, amma daga "lahiya lau" ba ƙari, kuma ba ta sake aiko kirana ba. Gidaje da yawa suka bi sahunta, kaɗan suka ci gaba da kira. Na koma soya kaɗan-kaɗan ina kaiwa kasuwa a faranti, shekarar nan kun sha gari da ƙuli fiye da yadda kuka saba. Na kuma ji cewa amarya ta sha gori a gidan miji, wai arniya ce ta haɗa mata gara. Yarinyar ba ta yi mini komai ba, kuma wannan yana damuna har yau. Saboda haka ban yarda wani cikinku ya zagi Hajiya Kulu ba. Ita 'yarta take karewa, kuma ruwan zafin da ta yi mini wanka da shi bai huce a jikina ba. Na yi kewarta ƙwarai. Amma da za a mayar da ni safiyar nan sau goma, sau goma zan ɗaura.

Tun daga ranar, kowace ranar taro daga ɗakina nake fitowa da zanena, in gaishe ta a ƙofarta in wuce. Jakar kuwa mahaifinku ya mayar da ita ta zuba allurai, ya ce a ƙarshe dai ta sami aikin gaskiya. Da Ubangiji ya kira shi, matan zumunta suka cika gidan nan da shuɗi, muna zaune sai na ji sallamar da na sani. Hajiya ce, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta ratsa tsakiyarsu ta zauna kusa da ni a tabarma ta yi mini gaisuwa. Can sai na ji ta kama gefen zanena tana murzawa da yatsu.

"Ya koɗe, Saratu."

Na ce, "Ya ga rana, Hajiya."

Ta gyaɗa kai, ba ta saki ba har aka gama addu'a.

Naomi, na ga sabon da kika saya mini bara, wai tsohon yana ba ki kunya in na sa a Sakkwato. Na gode, yana nan cikin akwati da ledarsa, ki ba wadda za a karɓa nan gaba. Ranar da matan zumunta za su zo ɗaukata, tsohon nan za ku ba su, mai ruwan toka, wanda gefensa ya fara zarewa. Kada ku goge shi, kada ku ninke shi. Ku shimfiɗa shi a sama inda kowa zai gani, ku fitar da ni ta bakin lungu.